Dattijon da ya ƙi duba bayan kyamararsa

Jami'an tsaron filin jirgin sama ne suka kora Sebastião Salgado zuwa ga kyamarar dijital. Da son samunsa ne, da har ya koma ga Mahaliccinsa fim yake ɗaurawa. Tun bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka, duk abin da matafiyi ya ɗauko sai an zura shi cikin na'urar da ke haska cikin kaya, shi kuwa fim ɗin hoto ba ya ga maciji da wannan haske. Wucewa ɗaya ba ta cika yin ɓarna ba, amma ɓarnar taruwa take yi: a haska a nan, a haska a can, kafin mutum ya isa gida launin toka-tokan da ke tsakanin baƙi da fari ya dusashe. Salgado mai hoton baƙi da fari ne, duk jarinsa a cikin wannan toka-tokan yake. Yakan fita da nadin fim kusan 600, nauyin fiye da kilo 20, ya yi makonni a daji, sannan a hanyar dawowa ya tsaya a kowane shinge yana roƙon a duba masa kayan da hannu. Wani jami'in ya yarda, wani ya ce atafau sai an haska. A wata dawowa daga tsibirin Sumatra na Indonesiya, shinge bakwai ya ratsa da aikin da ya sha wuya a kansa. A 2008, yana da shekara 64, ya haƙura ya ajiye fim, ya ɗauki Canon EOS-1Ds Mark III.

Na ɗauko labarinsa ne saboda wata gardama da ta ƙi ƙarewa tsakanin masu hoto. Tsofaffin hannu, waɗanda suka yi zamanin nagatif da ɗakin wanki, cewa suke yi dijital ta zubar wa sana'ar mutunci, kowane yaro ya rataya kyamara ya ce shi mai hoto ne. Yaran kuma gani suke yi abin da ya hana su shahara shi ne rashin kuɗin sayen kyamarar da ta fito bana. Duk ɓangarorin biyu na'ura suke kallo. Salgado ya yi shekara 38 da fim, ya yi 17 da dijital, kuma babu wanda ya koya masa ko ɗaya daga ciki. Yadda ya tsallaka daga wannan zuwa wancan, abin da ya karɓa da abin da ya ƙi, ya fi duk gardamar amfani ga mai son koyo. A ganina ya yi daidai a yawancin abin da ya ƙi. Akwai kuma wuri guda da dijital ta miƙo masa alheri wanda bai kamata wani mai hoto ya kau da kai daga gare shi ba, zan zo kansa.

An haife shi a 1944 a Aimorés, wani ƙaramin gari a jihar Minas Gerais ta Burazil, shi kaɗai ne namiji cikin 'ya'ya takwas na wani mai gonar shanu. Tattalin arziki ya karanta, har digiri na biyu a Jami'ar São Paulo. A 1969 shi da matarsa Lélia suka guje wa mulkin soja suka koma Paris. Shekara ta zagayo, Lélia, wadda ke karatun zanen gine-gine, ta sayi kyamarar Pentax domin ɗaukar gidajen da take nazari. Maigida ya karɓa ya leƙa, shi ke nan, kyamara ta sauya mai ita. Bai shiga makarantar hoto ba, bai yi wa kowa yaron shago ba. A gidan kwanan ɗalibai ya haɗa ɗan wurin wanki, yana ɓatawa yana gyarawa. Daga baya ya sami aiki a Ƙungiyar Kofi ta Duniya da ke Landan, aikin da ya riƙa kai shi ƙasashen Afirka irin su Ruwanda, sai ya lura hotunan da yake dawowa da su sun fi rahotannin da yake rubutawa kwanta masa a rai. A 1973 ya ajiye aikin, da albashinsa mai tsoka da komai, yana ɗan shekara 29.

Aikinsa na farko a sabuwar sana'ar a ƙasar Nijar ya yi shi, lokacin babban farin da ya ƙarar da dabbobin Sahel. Lélia na tare da shi, tana ɗauke da cikin ɗansu na fari. A Tawa ya ɗauki mata masu goyo sun yi layi suna jiran rabon abinci, ƙungiyoyin agaji na Faransa kuma suka yi amfani da hotunan wajen neman taimako. Ke nan wanda duniya ta zo ta sani a matsayin ɗaya daga cikin manyan masu hoto na ƙarni na 20, a kan fuskokin mutanen Adar, wato yankin Tawa, ya fara gwada hannunsa.

Sauran tarihin sananne ne, ba sai na tsawaita ba. Ya shiga kamfanin hotuna na Sygma, ya koma Gamma, a 1979 ya shiga Magnum. Ya dawo Sahel a 1984 da 1985 tare da ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières, ya ratsa Mali da Chadi da Sudan da Habasha. A 1986 ya sauka ramin zinare na Serra Pelada a Burazil, inda mutum wajen 50,000 ke hawa tsani da buhunan laka a wuya. Ya ɗauki rijiyoyin man Kuwaiti suna ci da wuta a 1991. Abin da ya gani a Ruwanda a 1994 ya kwantar da shi ciwo, har ya kusa barin hoto, ya koma gonar mahaifinsa da ta zama fako, shi da Lélia suka kafa Instituto Terra a 1998 suka dasa itatuwa sama da miliyan biyu.

Idan an ce mutum shi ya koya wa kansa, sau da yawa mai sauraro yakan ɗauka cewa da hannu wofi ya zo. Salgado da kaya ya zo. Sarrafa kyamara, wato sanin yawan hasken da za a bari ya shiga da tsawon lokacin da zai yi yana shiga, abu ne da mai nacin gaske zai iya a 'yan watanni. Abin da ba a samu a 'yan watanni shi ne sanin dalilin da ya sa makiyayi ke sayar da saniya a kuɗin buhun gero, ko dalilin da ya sa mai tsinkar kofi a Ruwanda ba ya iya sayen kofin da ya tsinka. Wannan ya karanta a jami'a, ya gani a wurin aiki, da shi kuma yake zaɓar inda zai tsaya. Littattafansa manya, Workers na 1993 da Migrations na 2000, kowanne shekara shida ya ci, kuma tsarinsu tsarin mai nazarin tattalin arziki ne: wa ke aiki, wa ke ci, wa aka kora daga gida.

Da wannan hali ya shiga aikin Genesis a 2004, neman wuraren da hannun ɗan Adam bai ɓata ba tukuna. Ya fara da tsibiran Galápagos. Shi da kansa ya ba da labarin wani ƙaton kunkuru da ya ƙi tsaya masa. Duk lokacin da ya matso, sai dabbar ta juya ta kama gabanta. Sai ya durƙusa, ya riƙa rarrafe a kan gwiwa da tafin hannu har ya zama tsayinsu ɗaya, sannan kunkurun ya saki jiki ya tunkaro shi. Yini guda abin ya ci. Babu kyamarar da aka taɓa ƙerawa, ta fim ko ta dijital, da za ta rage wa mutum wannan yinin.

A tsakiyar wannan aiki ne sauyin ya zo. Rabin farko da Pentax 645 ya yi shi, mai faffaɗan fim, kowane nadi hoto kusan 30. Rabin ƙarshe da Canon mai megafiksel 21. Wanda ya shiga baje kolin da aka buɗe a Landan a 2013 da wuya ya iya nuna inda fim ya tsaya dijital ta ɗauka, kuma da gangan aka yi haka. Ga yadda yake aikin. An ja masa layi a cikin madubin leƙawa na sabuwar kyamarar domin faɗi da tsawon hoton su yi daidai da na Pentax, saboda idonsa da wannan ma'auni ya saba. Idan ya ɗauki hoto, ba ya juya kyamara ya duba allon da ke bayanta. Idan ya dawo Paris, ba ya zama gaban kwamfuta. Mataimakansa ne ke buga masa hotunan ƙanana-ƙanana a jere a kan takarda, kamar yadda ake yi a zamanin nagatif, shi kuma ya sunkuya da gilashin ƙara girma yana bi ɗaya bayan ɗaya yana yi wa na kirki alama. Waɗanda suka tsallake a buga su da ɗan girma, ya sake tacewa. Sannan a sa manhajar DxO FilmPack ta yayyafa wa hoton irin ɗigo-ɗigon nan na fim ɗin Kodak Tri-X, mai kama da tsakin gero. A ƙarshe, waɗanda aka zaɓa a mayar da su nagatif na gaske, domin a iya wanke su a ɗakin duhu a kan takarda mai azurfa. Wato hoton ya tashi daga haske ya zama lissafi, ya bar lissafi ya koma fim.

Batun tsakin nan ban ga dalilin kare shi ba. A fim, ɗigon daga ƙwayoyin azurfa yake fitowa, dole ce ta sa ake ganinsa. A dijital kwalliya ce, kewar zamanin da ya wuce ce aka saya a manhaja. Ana iya yi masa uzuri da cewa yana son littafi guda ya fito da fuska guda, shi ke nan. Matashin da bai taɓa riƙe nagatif ba kuma ya dage sai ya yayyafa wa hotonsa tsakin ƙarya, kwaikwayo kawai yake yi.

Ƙin duba allo kuwa, wannan hikima ce, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu hoto a ranar hawan sallah ya ga dalili. Ga mahaya sun taso a guje za su yi jahi, ƙura ta tashi, saurayi ya danna sau uku, sai ya sunkuyar da kai yana duba abin da ya samu, yana matso da hoton da yatsa ko ya fita tas. A daidai wannan lokacin ne doki ya yi tirjiya a gaban sarki, mahayin ya ɗaga mashi, alkyabba ta buɗe a iska. Kafin ya ɗago an gama. Ya tafi gida da hoton abin da ya kusa faruwa. Allon yana mayar da hankalin mai hoto kan abin da ya riga ya wuce, alhali aikinsa yana kan abin da ke tafe nan da ƙiftawar ido. Sannan akwai gogewa. Mai duba allo yakan goge hoto a wurin, cikin rana da hayaniya, a kan allo mai faɗin tafin hannun yaro, ya yanke hukuncin da ya kamata a yanke bayan mako biyu da sanyin rai. Sau da yawa hoton da ya fi daɗewa a zuciya ba shi ne wanda ya burge mai shi a ranar ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Ga mai koyo, wannan allo malami ne da na baya ba su samu ba. A zamanin fim, kuskure kuɗi ne: ka sayi nadi, ka biya wanki, ka jira kwanaki, sannan ka ga hoton ya yi duhu, ka kuma manta yadda ka saita kyamarar a ranar. Yanzu kowane hoto yana ɗauke da bayanin kansa a ciki, ranar da aka ɗauka, da sa'a, da saurin ƙiftawar kyamara, da faɗin ƙofar haske. Mai koyo zai iya ɗaukar ƙofar gidansu sau ashirin da saiti daban-daban, ya zauna ya gwada, ya gane a yammaci ɗaya abin da ya ci wa Salgado watanni. Shi ma dattijon ya amsa cewa a wurin ƙarancin haske dijital ta yi wa fim nisa, ga shi kayan da ke cika akwati sun koma 'yan katunan da za su shiga aljihu. Shawarata ita ce a duba allo lokacin koyo, a rufe shi lokacin aiki. Matsalar ita ce yawancinmu ba ma sanin ranar da koyo ya ƙare aiki ya fara, sai duban ya zama jaraba.

Tacewar ma haka. Araha ba ta ado. Kyamarar dijital ta farko, wadda injiniya Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975, daƙiƙa 23 take yi kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset. Yau kyamara na ɗaukar goma ko ashirin a daƙiƙa guda. Kodak ɗin da aka ƙirƙiro abin a cikinsa ya durƙushe a 2012, su ma kamfanonin da suka kayar da shi wayar hannu ta cinye musu kasuwa: kamfanonin Japan sun fitar da kyamarar dijital wajen miliyan 121 a 2010, a 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Ɗauka ta zama banza, zaɓe ya zama shi ne sana'ar. Mai hoton biki da ke tura wa amarya hoto dubu a waya bai gama aikinsa ba, ya dai ɗora mata rabin da ya fi wuya. Bayan shekara biyu wayar ta faɗa ruwa, ko an sace ta a kasuwa, dubun nan sun tafi, alhali hoton auren kakarta guda ɗaya yana nan a bango.

Wannan damuwa ce ta sa a 2016 Salgado ya ce hoto zai mutu cikin shekara 20 zuwa 30, wai abin da ke cikin waya ba hoto ba ne. A nan ya zarce gona da iri, kuma cikin 'yan watanni ya janye maganar. Mutumin da ya fara sana'a da kyamarar matarsa bai kamata ya raina wanda ya fara da wayar yayansa ba.

Yanzu ga inda nake da ja. Tun 1991 Ingrid Sischy ta soke shi a mujallar New Yorker cewa yana ƙawata wahala har mai kallo ya shagala da kyan hoton ya manta da mai wahalar. Wannan suka ba ta dame ni sosai ba, amsarsa kuma ta gamsar da ni: hasken da ke sauka a kan talaka shi ne mai sauka a kan mai kuɗi, don me za a ce sai an munana hoton talaka kafin a yarda da shi? Sukar marubuciya Susan Sontag ta 2003 ce ke da nauyi. Ta lura cewa a ƙarƙashin hotunansa na 'yan gudun hijira akwai sunan wuri da shekara, amma babu sunan mutum. Shugaba yana da suna, mawaƙi yana da suna, matar da ke layin abinci kuwa “wata mata” ce. Mu da aka daɗe ana ɗaukarmu ana kaiwa Turai mun san zafin wannan.

A zamanin fim ana iya kawo uzuri. Mai hoto ya danna ya wuce, wadda aka ɗauka ba za ta taɓa ganin abin da aka tafi da shi ba. Dijital ta kashe wannan uzurin. Allon da Salgado ya ƙi dubawa yana da wani mai haƙƙi a kansa bayan mai kyamara, wato wanda aka ɗauka. Ka juya masa ya ga kansa, ya yi dariya ko ya ɓata rai, ya ce goge wannan, ɗankwalina ya zame, ko ya ce bari in kira ƙanena a ɗauke mu tare. A nan ne ake tambayar suna, a nan ake neman izini na gaske. Ita kanta Canon ɗin da ya riƙe tana da 'yar makirfo da mai hoto zai iya faɗin magana ta daƙiƙa 30 ta manne da hoton, wadda ta isa a faɗi suna da gari da sana'a. Adalci ne a ce a babban aikinsa na ƙarshe, Amazônia na 2021, mutanen dajin da ya ɗauka da sunayensu suka fito. Ya iso wurin, sai dai ya daɗe a hanya.

Wata 'yar Maiduguri ba ta yi wannan jinkirin ba. Fati Abubakar aikin jinya ta karanta. A 2015 ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram, lokacin da duniya ba ta san komai game da garinta ba sai tashin bam. Ta ɗauki 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki da 'yan gudun hijira, kuma ta riƙa haɗa hoton da abin da wanda aka ɗauka ya faɗa da bakinsa. Ma'aikaciyar jinya ta saba tambayar mutum abin da ke damunsa kafin ta taɓa shi, da wannan tarbiyya ta shiga sana'ar, kamar yadda Salgado ya shiga da lissafin kofi.

Salgado ya rasu a Paris ranar 23 ga Mayun 2025 yana da shekara 81, bayan doguwar jinyar da ta samo asali daga zazzaɓin cizon sauron da ya kama shi a 2010 a wurin aikin Genesis. Lélia, wadda ita ce ta tsara littattafansa da baje kolinsa tun farko, ita ke riƙe da taskar hotunan. A cikin taskar akwai na Tawa na 1973. Jariran da ke goye a wancan layi yau sun haura shekara 50, wasu daga cikin iyayen ma ana iya samunsu da rai. Ina kira ga hukumomin al'adu na Nijar da Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai su rubuta wa Lélia su nemi kwafin waɗannan hotuna, a buga su da girma, a kai su Tawa a kafa inda jama'a ke taruwa, a ajiye mutum da littafi da alƙalami a gefe. Duk wanda ya gane uwarsa ko goggonsa ya faɗi sunanta a rubuta a ƙarƙashin hoton, a kuma aika wa Paris da sunayen. A hanzarta, domin masu iya gane fuskokin suna ƙarewa.